Ranar Barbara: Cutar Mahaifa da Sakin Kwatangwalo a Karnukan Doka



Lokacin da na faɗa wa wani abokina abin da zan yi magana a kansa yau, sai ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, duk shanun da ke Arewa, da tumaki da awaki da kaji, ka rasa abin da za ka tara mutane a kansa sai kare?" Ban ga laifinsa ba. A wurin Bahaushe kare ba dabbar da ake hira a kanta a zaure ba ce, sunansa ma zagi ne. Amma kuwa malamanmu sun halatta ajiye shi domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma kowa ya sani duk dabbar da mutum ya ɗaure, to cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyansa. Ban da wannan ma, ɗaya daga cikin cututtukan da zan ambata tana iya tsallakowa daga kare zuwa ga ɗan Adam. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Wanda duk ya taɓa ratsa Unguwar Rimi ko Malali ko Unguwar Sarki bayan sallar lisha ya ji haushin karnuka daga bayan katangu, kuma in mai lura ne ya san wannan haushi ba na karen da muka tashi muka gani ba ne. Karenmu na gida siriri ne, marar nauyi, mai dogayen ƙafafu, wanda mafarauta kan shiga daji da shi tun safe har la'asar bai gaji ba. Tun da Gwamna Lugga ya mai da hedkwata daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 akwai karnukan Turawa a wannan gari, amma a gidajen Turawan suke, sai kuma na 'yan sanda da soja daga baya. Yau labari ya sake. Tsoron ɓarayi da masu satar mutane ya sa mai hali da marar hali kowa yana neman ƙaton kare, Alseshan ko Rotwaila ko Bowabul ko Kokeshan, har kiwonsu ya zama sana'a. Samari da dama a nan Doka da Kawo da Badarawa sun kewaye bayan gida sun ajiye karya biyu ko uku, in lokacin barbara ya zo su kai su wurin mai namiji su biya, in an haihu su sayar da 'yan kwikwiyo. Sana'a ce ta halal, ban zo in kushe ta ba. Abin da na zo faɗa shi ne, manyan wahalhalu biyu da muke gani a jikin waɗannan karnuka, watau cutar hanyar haihuwa da lalacewar kwatangwalo, duka a rana ɗaya ake shuka su, ranar barbara. Ɗaya ƙwayar cuta ce ke ɗauke da ita, ɗaya kuma gado ne.

Bari in fara da wani kare da aka taɓa kawo mini, domin a jikinsa na ga abubuwan nan biyu sun haɗu. Alseshan ne namiji, ɗan shekara uku, kyakkyawa ƙwarai. Mai shi ya ce kare ya daina tsalle, in ya kwanta sai da ƙyar yake tashi, kuma wani ya gaya masa ciwon kwatangwalo ne, aiki za a yi. Ya zo da kuɗinsa a shirye. Muka ɗauki hoton ƙashi, lalle kuwa kwatangwalo ya saki, amma ba sakin da zai kwantar da kare haka ba. Da na bi gadon bayansa da yatsa ina dannawa, na isa daidai ƙugu, sai ya yi ƙara ya durƙushe. Na duba marainansa, na tarar ɗaya ya shanye ya yi laushi. Sa'an nan na tambayi mai shi ko ana kawo masa karya barbara. Ya ce ƙwarai kuwa, da kuɗin ma yake ciyar da shi. Na ce, a cikinsu akwai wadda ta yi ɓari? Ya yi shiru, can ya ce biyu, amma masu su sun ce zafin rana ne. Nan take na ajiye maganar aiki, na ɗebi jini.

Abin da nake zato shi ne ƙwayar da masana ke kira Brucella canis, watau Burusela ta kare. Danginta ba baƙi ba ne a gare mu. Wani likitan sojan Ingila, David Bruce, shi ya fara gano ta farko a tsibirin Malta a 1887, a jikin sojojin da zazzaɓi ya kashe, daga sunansa ne ma aka laƙaba wa dangin suna. Bayan shekara goma, a 1897, Bernhard Bang na Danmak ya gano 'yar'uwarta mai sa shanu ɓari, wadda Fulani suka daɗe da sanin aikinta suna kiransa bakkale. Ta kare ita ce ta zo a makare. A 1966 ne Leland Carmichael na Jami'ar Cornell a Amurka ya gano ta, sa'ad da ɓari ya yi yawa a gidajen kiwon karnukan farauta da ake kira Bigul.

Wannan ƙwaya munafuka ce. Ba ta cika sa wa kare zazzaɓi ba, ba ta hana shi cin abinci, gashinsa yana sheƙi kamar babu kome. Takan shiga ta al'aura lokacin barbara, ko ta baki da hanci da ido in kare ya lashi ko ya sansani abin da ya fito daga wadda ta kamu. In ta shiga sai ta ɓuya a cikin ƙwayoyin jinin nan farare waɗanda aikinsu ne su kashe ta, ta yi zamanta a can wata da watanni, wani lokaci shekaru. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka. Mai wannan cuta takan ɗauki ciki lafiya lau, mai ita yana ta lissafin riba, sai tsakanin kwana 45 da 55 ta zubar da 'ya'yan, matattu, wasu sun fara ruɓewa. Wata kuwa tun da wuri cikin yake narkewa, sai a ce ba ta ɗauka ba, a sake kai ta wurin wani namijin, shi ma ya samu rabonsa. Bayan ɓari ruwa mai ƙazanta yakan yi ta fita daga jikinta har mako shida, kuma wannan ruwa cike yake da ƙwayoyin, fiye da ƙirga. A jikin namiji kuwa maraina take nufa, su kumbura da fari, kare ya yi ta lasa har fata ta saluɓe, daga baya su shanye, maniyyi ya lalace. Duk da haka yana zubar da ƙwayar a maniyyi da fitsari. Wani lokaci takan koma ido, ko ta zauna a guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ta ci shi, kuma nan ne ake rikita ta da ciwon kwatangwalo, kamar yadda ya faru ga karen da na ambata.

Akwai wani abu a nan da nake so ɗalibanmu na ɗakin bincike su riƙe da kyau. Gwajin da muka saba yi wa jinin shanu, wanda ake ɗiga ruwa ja a kan faranti, ba ya ganin Burusela ta kare. Dalili kuwa, fatar ƙwayar shanu sumul take, ta kare kuma kaushi gare ta, garkuwar jikin da ke gane wannan ba ta gane waccan. Saboda haka sai a gwada kare da kayan shanu, a ce lafiyarsa ƙalau, alhali yana ɗauke da cuta. Dole sai da kayan gwaji nata na musamman, ko a shuka jinin a ga ƙwayar ta tsiro, ko a nemi ƙwayar halittarta da na'urorin zamani. Kuma karen da ya kamu jiya ba ya nunawa yau, yakan ɗauki mako takwas har zuwa sha biyu, shi ya sa sabon kare ake ware shi a gwada sau biyu, wata guda tsakani. Masu bincike a Zariya da Jos da Ibadan sun sha samun alamun Burusela a jinin karnukan ƙasar nan. Wani sashe na wannan kuwa ta shanu ce, domin muna da al'adar jefa wa kare ɗan tayi da mabiyiya daga kwata, ɗanye, muna ganin gata muka yi masa.

Magani fa? A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Babu allurar rigakafinta. Akan haɗa magunguna biyu, dokisaikilin da jentamaisin ko sitireftomaisin, a yi makonni ana ba da su, a kuma yi wa namiji dandaƙa, a cire wa mace mahaifa. Kare yakan ji sauƙi, amma babu likitan da zai rantse cewa ƙwayar ta fita, domin sau da yawa takan dawo bayan an daina magani. A manyan gidajen kiwo na ƙasashen waje, karen da aka samu da ita kashe shi ake yi. Wanda ya ce ba zai iya ba, to ya sani wannan kare ya gama barbara har abada, kuma ba a barin yara da masu ciki da masu raunin jiki su yi wasa da shi.

Kamuwar mutum ba ta da yawa, amma tana faruwa. A 2012 an samu wata yarinya 'yar shekara uku a birnin New York da ta ɗauka daga ɗan kwikwiyon da aka saya mata a kanti. A Ingila ma tun daga 2020 cutar ta yi ta bayyana a karnukan da ake shigowa da su daga gabashin Turai. A jikin mutum zazzaɓi ne mai zuwa yana komawa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, da kasala. Ku gaya mini, wane asibiti ne a Kaduna za a je da wannan bayani ba a fara ba da maganin zazzaɓin cizon sauro ba, in bai ji ba a koma na taifot? Ba laifin likita ba ne, domin ba a gaya masa cewa makon jiya yaron nan ne ya kwashe ɓarin karya da hannunsa ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: safar hannu, da ruwan bilic a wanke wurin, a haƙa rami mai zurfi a binne abin da ya fito ko a ƙone shi, sa'an nan in zazzaɓi ya zo a buɗe baki a gaya wa likita.

Cuta ta biyu ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba, ta kuma fi saurin kisa, ita ce taruwar mugunya a mahaifa. Ba a wurin namiji ake ɗaukarta ba, ƙwayar a jikin karyar take, mafi yawa E. coli ce ta hanjinta. Ga yadda abin yake. Karya takan shiga lokacin barbara kamar sau biyu a shekara. A wannan lokaci bakin mahaifa yana buɗe, ƙwayoyi suna iya hawa. Da lokacin ya wuce sai wani sinadari mai riƙe ciki, furojestaron, ya hau, ya zauna kamar wata biyu, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba. Shi wannan sinadari yakan rufe bakin mahaifa, ya kaurara bangonta, ya sa ta tsatso ruwa, ya kuma rage ƙarfin garkuwar wurin don kada ta kori ɗan tayi. Idan akwai ɗa, wannan rahama ce. Idan ƙwayar cuta ce a ciki, an rufe ta ke nan a ɗaki mai ɗumi da abinci. Karya kuwa ba ta daina wannan zagaye don tsufa, kowace shekara bangon mahaifa yana ƙara lalacewa. A ƙasar Suwidin, inda ake yi wa karnuka inshora kuma ba a cika cire musu mahaifa ba, lissafi ya nuna kusan ɗaya cikin biyar, wani binciken ma ɗaya cikin huɗu, takan kamu kafin ta cika shekara goma.

In bakin mahaifa ya ɗan buɗe, mai karya zai ga mugunya mai wari tana fita, wannan ya yi sa'a domin zai garzayo da wuri. In a rufe yake babu abin da zai gani sai karya ta daina cin abinci, tana ta shan ruwa kamar raƙumi, tana yawan fitsari, tana amai, ciki yana tasowa. Na sha ganin wanda ya zo da murna a duba masa yawan 'ya'yan da ke ciki, na ɗora na'urar sikanin na ga babu ko ɗaya, mahaifar da ba ta fi kaurin alƙalami ba ta zama kamar damtsen mutum. Shan ruwan nan dafin ƙwayar ne ya taɓa ƙoda. In aka yi jinkiri sai dafin ya gama jini, ko mahaifa ta fashe a ciki. Duk karyar da ta yi rashin lafiya tsakanin wata ɗaya zuwa uku bayan lokacin barbara, ni dai wannan cuta nake fara zato har sai na ga ba ita ba ce.

Maganinta na sosai fiɗa ne, a ƙara mata ruwa, a ba ta maganin ƙwayoyin cuta, a cire mahaifa da ƙwai gaba ɗaya, kuma mafi yawansu sukan tashi in an zo a kan kari. Akwai allurai, irin su aglefiriston da furostagilandin, masu buɗe mahaifa su matso mugunyar, amma sai ga ƙaramar karya mai sauran ƙarfi wadda ake son irinta, kuma ciwon yana iya dawowa a zagaye na gaba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin waɗanda nake gani da hannunmu muka jawo. Mutum ba ya son karyarsa ta haihu, sai ya je kantin magani ya sayo allurar tsarin iyali ta mata ya soka mata. Wannan allura kuwa ɗan'uwan furojestaron ɗin nan ne. Haka nan allurar zubar da ciki da ake yi bayan karen unguwa ya haura katanga. Wanda ba ya son haihuwa, ya kawo ta a cire mahaifar tana da lafiya, aikin ya fi sauƙi, ya fi araha.

Kada kuma a ɗauka duk jinin da ya fito daga al'aurar kare ƙwayar bakteriya ce. Akwai wani tsiro ja mai kama da kan farin kabeji, wanda shi kansa ake ɗauka wurin barbara, ya yi yawa a karnukan titi, allurar binkiristin ce maganinsa. Wannan zance ne na wata rana.

Yanzu mu koma ga gado. Gaɓar kwatangwalo kamar turmi da taɓarya take: kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu, jijiyoyi da tsoka suna riƙe da shi. Ɗan kwikwiyo da lafiyayyar gaɓa ake haihuwarsa. Amma wanda ya gaji wannan lahani, cikin makonnin farko jijiyoyin sukan yi sako-sako, kan ƙashin ya riƙa zamewa yana gugar bakin kwarmin maimakon ya zauna a tsakiya. Ƙashin yaro kuwa kamar ɗanyen yumɓu ne, yadda aka danna shi haka yake bushewa. Kwarmi sai ya baje, kai ya daɗe, guringuntsi ya cinye, amosanin gaɓa ya shiga. Gerry Schnelle na birnin Boston shi ya fara bayyana wannan a rubuce a 1935. Alamunsa sukan fito a lokaci biyu. Tsakanin wata biyar da shekara guda za ka ga kare yana gudu da ƙafafun baya a haɗe kamar zomo, ba ya son hawa bene. Daga nan abin yakan lafa, mai shi ya ce ya warke, sai kuma a tsakiyar rayuwa ya dawo da ɗingishi da shanyewar cinya.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, ita ma mai rarrafe ba ta cika haifar mai gudu ba. Lahanin ba daga ƙwayar gado ɗaya yake ba, da yawa ne suka taru, shi ya sa iyaye masu tafiya daidai kan haifi gurgu, kuma ido kaɗai ba ya isa a zaɓi uba. Sai da hoto. A Ingila tun 1965 ake auna hoton kwatangwalon karnukan kiwo, yanzu maki ake bayarwa daga 0 zuwa 106, mai ƙaramin maki shi ne mai kyau. A Amurka an kafa gidauniyar OFA a 1966, tana ba da shaida in kare ya cika shekara biyu. Daga baya Gail Smith na Jami'ar Pennsylvania ya fito da hanyar auna sakin gaɓar kansa tun kare yana mako 16. Mu a nan, hoton kare a waya ake nuna wa mai saye, a ce masa uban daga waje aka kawo shi, shi ke nan ciniki ya faɗa.

Gado ne ke ɗora harsashi, amma ciyarwa tana da nata hannu, kuma akwai wani gwaji da nake son kowane mai kare ya ji. A Amurka an ɗauki karnuka 48 irin Labrado, aka haɗa su biyu biyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya ya ci yadda yake so, ɗan'uwansa a rage masa kashi 25 cikin ɗari. Da suka cika shekara biyu, 16 cikin 24 na masu ƙoshi sun sami sakin kwatangwalo, a masu ragi kuwa 7 kacal. Aka bi su har ƙarshen rayuwa, masu ragi suka kai kimanin shekara 13, masu ƙoshi 11 da 'yan watanni. Mu kuwa burinmu ɗan kwikwiyo ya yi ƙiba maƙwabta su yi sha'awa, muna ɗura masa ƙwayoyin ƙarin ƙashi ba bisa ƙa'ida ba, muna kuma tsare shi a kan tayil mai santsi inda ƙafafunsa ke ta baɗewa. Karenmu na gida, da yake bai da nauyi kuma daji ya daɗe yana tace shi, da wuya na gan shi da wannan ciwo.

Ba kowane mai sakin kwatangwalo ke bukatar wuƙa ba. Da yawa rage ƙiba da tafiya a hankali kullum da maganin ciwo na karnuka, irin su meloksikam da karfurofen, sun ishe su. Ina roƙo, kada a ba kare ibufurofen ko daikulofenak na mutane, sukan huda masa ciki su kashe ƙoda. In magani ya gaza, to irin aikin da za a yi shekarun kare ne ke zaɓarsa. Ɗan kwikwiyon da bai wuce mako 20 ba, akan ƙone wurin girman ƙashin ƙugu ta ƙasa, domin sauran ƙashin ya girma ya kifo a kan cinya ya rufe ta. Ƙaramin aiki ne, sai dai kusan ba a kawo mana su a wannan lokaci, domin ba su fara ɗingishi ba. Wanda ya kai wata biyar zuwa goma kuma amosani bai shiga ba, akan yanka ƙashin ƙugu wuri biyu ko uku, a juya kwarmin, a ɗaure da farantin ƙarfe.

Aikin da ya fi dacewa da halinmu shi ne a yanke kan ƙashin cinya da wuyansa a yar. Mai ji zai ce, to da me kare zai taka? Tsoka da tabon nama ne ke haɗuwa su yi masa gaɓar aro, kuma da yake ƙashi ya daina gugar ƙashi, ciwo sai ya tafi. Daga likitocin mutane muka aro shi, domin Gathorne Girdlestone na Oxford ya yi wa masu tarin fukan kwatangwalo irinsa tun kafin a sami maganin tarin fuka. Ba ya bukatar kaya masu tsada, likitan da ya ƙware a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta buɗe tsangayarta ta likitancin dabbobi a 1964, ko a nan cikin gari, zai iya yinsa. Amma ya fi kyau ga karen da bai wuce kilo 20 ba, ƙafar takan ɗan gajarta, kuma rabin nasarar a hannun mai kare take, domin dole a sa shi taka ƙafar tun kwanakin farko. Ga Bowabul mai kilo 60 kuwa, sakamakon ba shi da tabbas.

Mafi cikar aiki shi ne a sauya gaɓar ɗungum, kai na ƙarfe, kwarmi na roba mai tauri, kamar yadda John Charnley ya daidaita wa mutane a Ingila a farkon shekarun 1960. Likitocin Jami'ar Jihar Ohio suka kai shi ga karnuka a shekarun 1970, kuma yau fiye da tara cikin goma na waɗanda aka yi wa sukan koma gudu. Kuɗinsa dubban daloli ne kowace ƙafa, yana kuma son ɗakin fiɗa mai tsabta ƙwarai, domin babban maƙiyinsa ƙwayar cuta ce. In ta sami ƙarfe ta manne, magani ba ya isa gare ta, sai an cire kome. Saboda haka ba a yi wa kare mai mugunya a ko'ina cikin jikinsa, ko fata ko haƙori ko mahaifa. A 1987 su waɗannan likitoci na Ohio suka ba da labarin karnuka biyu da aka sa wa sabon kwatangwalo, ƙashin ya ruɓe, da aka bincika sai ga Burusela ta kare. Kun ga inda zancenmu biyu suka sake gamuwa.

Akwai kuma abin da wuƙa ba ta taɓawa. Karen da aka gyara wa kwatangwalo yana tafiya tamkar lafiyayye, amma abin da zai ba 'ya'yansa bai sake ba ko kaɗan. A ganina, likitan da ya yi wannan aiki ya bar kare da marainansa, ya taimaki kare ɗaya ya cuci ashirin. Ni ba na yi sai mai shi ya yarda da dandaƙa, kuma na rasa masu zuwa wurina da dama a kan haka.

Abin da nake nema daga jami'a bai fi ƙarfinta ba. Kaduna gari ne da ya saba da binciken dabbobi: ga Cibiyar Binciken Cutar Sammore a Unguwar Rimi, ga Kwalejin Aikin Gona da Kiwo a Mando, ga Zariya kusa, ga Vom wadda take aiki tun 1924. A sami ɗakin bincike ɗaya a cikin gari mai ajiye kayan gwajin Burusela ta kare a kowane lokaci. A buɗe littafi inda za a rubuta duk namijin da ake kai wa barbara, da sakamakon jininsa da makin kwatangwalonsa, mai karya ya nemi ganin takardar kafin ya biya, shi ma mai namiji ya nemi tata. Masu sana'ar da na zanta da su ba su ƙi ba, sun dai ce wanda ya fara shi zai yi hasara in sauran ba su bi ba, kuma gaskiyarsu ne. Shi ya sa sai wata hukuma da kowa ya yarda da ita ta riƙe littafin.

Shi kuwa Alseshan ɗin nan, sakamakon jini ya dawo kamar yadda na zata. Muka yi masa dandaƙa, ya sha magani wata uku, bayansa ya lafa, aka gina masa ɗaki can nesa da inda yara ke wasa. Kwatangwalon ba mu taɓa shi ba, rage masa abinci muka yi. Kafin mai shi ya tafi na roƙe shi ya gaya mini karya nawa aka kawo wa karen nan, don mu nemi masu su a gwada. Ya ƙirga da yatsunsa har goma sha ɗaya, daga Malali, daga Kawo, har da wata daga Zariya, sa'an nan ya ce sauran ya manta. Uku muka samu.